Rasuwar Iya Baƙa, Tsohuwar Kwamfutarmu

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har wuya, ni Mamuda Yahya na Malikanchi nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar Iya Baƙa, kwamfutar cinya, wadda rai ya yi wa halinsa ranar Talata da hantsi, tana da shekara ashirin da uku.

Marigayiya mai haƙuri ce. Nauyinta ya kai na ƙaramin dutsen niƙa, fankarta na nishi kamar injin matsar rake, amma ba ta taɓa ƙin tashi ba. Da batirinta ya mutu, ni na haɗa mata na zamani, na jona ta da sola, ta karɓa ba gardama. Masu dariya sun yi sun gaji.

Abin da ba su sani ba, a cikinta muryar matata Mukarrama take, Allah Ya ji ƙanta. Wata rana cikin wasa ta naɗi maganarta, ta mai da ita gaisuwar kunnawa. Da an buɗe murfi sai ka ji: "Sannu da zuwa, Abban Khairiyya. Ka ci abinci kafin ka taɓa ni." Mukarrama ta rasu Khairiyya na goye. Shekara tara ke nan yarinyar ba ta san muryar uwarta a ko'ina ba sai nan.

Ciwon ajali ya fara da damina. Faifan ajiyarta ya riƙa ƙas-ƙas, gaisuwar na sarƙewa. Na ga in ban kwashe muryar ba za ta tafi, ga shi marigayiya ba ta da ramin da memori ke shiga. Sai na ƙera mata ɗan allon da zai haɗa tsohon cikinta da katin zamani. Wata biyu ina kansa. Saura waya huɗu a liƙe da dalma, ƙarfen liƙina na lantarki ya ƙone. Ashafa mai gyaran rediyo a Ikara ya ce in jira kasuwa ta ci ya kawo mini wani. Na ƙi. Na tura tsohon ƙarfe cikin garwashi yadda muke wa rediyo, na ciro shi jawur, na ɗora a kan wayoyin cikinta.

Ƙauri na fara ji. Na danna maɓalli. Fanka ta juya sau ɗaya, marigayiya ta ce "Sannu da", ta yi shiru. Na kai wa Ashafa, ya duba faifan, ya ce in yi haƙuri.

Ta rasu ta bar caja ɗaya ɗaure da roba, da jaka marar zif, da ɗan allon da ya yi ajalinta, lafiyarsa ƙalau. Ta kuma bar Khairiyya, wadda har yau kafin ta tafi makaranta sai ta ɗaga murfin ta tsaya jim. Jiya ta ce in kwaikwaya mata gaisuwar. Na buɗe baki, kalmomin duk suna nan, amma sautin ya ɓace mini.

'Yan gwangwan su hutar da kansu, ba ta sayarwa ba ce. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, kuma gaskiyarsa. Za a naɗe ta a zanen Mukarrama, a binne ta gindin ɗorawar bayan gida ranar Juma'a bayan la'asar. Ba a buƙatar goro. Amma matan Furana, garin su Mukarrama, da suka tashi tare da ita, don Allah ku zo. Akwai yarinyar da za ta zauna kusa da ku, ko Allah zai sa muryar wata ta yi kama.