Ranar da na toshe wa kwamfuta baki

Abin da ba zan taɓa mantawa da shi ba, ko zan yi shekara dubu, shi ne aikin da na yi wa shugaban makarantarmu a Kiru.

Lokacin na dawo daga wani ɗan kwas a Kano, kuma kwamfuta ɗaya ce tak a makarantar, mai baƙin allo, sai ka rubuta mata umarni take motsi. Na cika gari da baki cewa ko Baturen da ya ƙera ta sai ya tambaye ni. Aka sa mini Injiniya, aka ba ni ɗaki ni kaɗai (ɗakin da ko ƙadangare ba ya leƙowa).

Shugaban yana karatun digiri, ni na buga masa kundinsa gaba ɗaya. Ba mu da na'urar bugawa, sai an kai Kano a faifan kwamfuta, washegari ya miƙa a Zariya ko ya maimaita shekara. Na tsara 'yan layukan umarni da za su kwafe babi-babi zuwa faifan. Ina dannawa, ta ce ba za ta iya rubutu a kansa ba. Na sake. Na hure faifan, na goge shi da hulata, na lallashe ta kamar jinjira. Ta kafe.

Wa zan tambaya? Daga Bebeji har Doguwa ban san mai iyawa ba, kuma Injiniya ai ba ya tambaya. Ina jin malamai suna ta hira a gindin darbejiya, ni ina ciki ina zufa.

Can na tuna wata dabara da ke ɓoye saƙonninta. Na sa, ƙorafi ya ɓace. Wallahi na ɗauka na gyara. Har na ƙara layi a ƙarshe: AN KWAFA LAFIYA.

Shugaban ya ce in raka shi. Tun daga Kwanar Ɗangora yake yabona a mota, har ya ce wa wani fasinja irina ba a samu sai a Legas. Muka shiga shagon buga takardu, mai shagon ya sa faifan, ya dube mu.

"Alhaji, ai babu komai a ciki."

Shugaban ya juyo a hankali. "Injiniya, ina kundina?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, yana Kiru." Ashe ɗan makullin da ke kusurwar faifan ne a rufe, kuma tun farko abin da take faɗa mini ke nan.

Muka juyo Kiru, na buɗe makullin na kwafa, muka sake komawa Kano a ranar, ya miƙa da ƙyar. Aikina bai tafi ba, amma Injiniya ya koma "Yana Kiru".

Tun daga nan, in na'ura ta yi ƙorafi sai in gyara zama in saurara. A duk garin ita kaɗai ke min magana, ita ma na ce ta yi shiru.