Rasuwar Thresiamma ta Saman Hasumiya

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannaye biyu naɗe da bandeji, Varkey Chettan, mai kula da cocin jami'armu, yake sanar da rasuwar Thresiamma, ƙararrawar da ya fara kaɗawa tun kafin ya yi gemu.

Marigayiya ta haye teku a jirgin ruwa lokacin da ake ɗora jajayen duwatsun cocin. Bishop ya wanke ta, ya shafe ta da mai, ya raɗa mata suna kamar kowace jaririya. Ba ta taɓa makara ba. Abin da ta sani kawai shi ne "Taam, taam", kuma da shi ta tashi malalata, ta raka matattu.

Ba ciwo ta yi ba, kashe ta aka yi. Ran idin Waliyyi Toma da la'asar, samarin ajin ƙarshe suka rantse sai tukwanen albarushin da suke fasawa don murnar idi sun fi na bara ƙara. Maimakon fili, sai suka jera su a gindin hasumiya. Chettan yana ciki yana jan igiya. Ƙasa ta girgiza, tsohuwar azarar da ke riƙe da ƙararrawar ta karye. Thresiamma ta faɗo, ta ratsa bene, ta ragargaza matakala, ta daki daɓe ta dare gida biyu. Harshenta na ƙarfe ya fita ta tagar gilashi mai hoton Waliyyin, ya tafi da kan hoton. Igiya ta tafi da fatar tafin Chettan. Kalmarta ta ƙarshe "kwal" ce.

Ta bar igiya guda, da tattabaru marasa gida, da tsoho Chettan wanda ƙarar ta kashe wa kunne ɗaya.

Fada Kuriakose, shugaban jami'a, ya ce za a ɗaura lasifika, gawar kuma a kai maƙera a narke.

"Fada, wadda aka yi wa baftisma?" in ji Chettan. "In kai ka tsage, narka ka za mu yi?"

Za a yi jana'iza ran Asabar bayan sujadar Mas ta safe, a gindin kwakwar bayan coci, ko Fada ya zo ko bai zo ba. Samarin albarushi masu ƙonanniyar gira su ne za su ɗauki gawa, ba takalmi. Kafin nan Chettan yana zaune a kanta da adda a cinya. Ana roƙon motar maƙera ta tsaya a bakin ƙofa.