Rasuwar Barona, Wanda Ya Cika Yana Jiran Alhaji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani guntun haushi, ni Hajiya Hanne Tukur, tsohuwar shugabar makarantar firamare da ke zaune a Toranke, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki na nan gida, da na Ajingi, da na Gaya, rasuwar barona, wanda jama'a suka fi sani da Ɗan Gayya. Ya cika a gindin bangon ɗakin Iya Gaji, a bakin aiki, cikinsa cike da kaya, yana jiran babban mutum.

Ban san garin da aka haifi marigayi ba. Na dai ɗauko shi a kasuwar Gaya shekarar da na ajiye alli, kore shar, tayarsa baƙa wul, hannayensa da robarsu. Niyyata ya riƙa kai mini taki 'yar gonata ta bayan gari. Bai yi mako a gidana ba sai ga ƙungiyar aikin gayya ta unguwarmu ta aiko a ba ta aronsa, za a yashe kwata, da la'asar za a dawo da shi. Wannan la'asar ba ta taɓa yi ba. Daga ranar ya zama na jama'a, ni kuma na koma mai zuwa aron abina. In ina bukatarsa sai na aika gida-gida ana cigiya, a ce yana wajen wane, wane ya ce ai wane ya karɓa. Takina kuwa a ka ake kai shi har yau.

Halayen marigayi ba ɓoyayyu ba ne. Duk shekarun da ya yi a ƙungiya bai taɓa halartar taro ba, bai nemi muƙami ba, bai taɓa miƙewa ya ce yana da 'yar magana ba. In ana ɗaukar hoto a ranar aiki, shi ne a can gefe da ƙafarsa a cikin taɓo, masu fararen kaya na tsakiya kowa ya riƙe shebur kamar an ba shi jaririn maƙwabta. Shi ya kwashe sharar kwatocin unguwar nan damina bayan damina. Shi ya ɗauki burji aka cike ramukan hanyar da ke fita zuwa Ajingi. Ya fitar da ciyawa daga maƙabarta, ya kai jarkokin ruwa masallaci, ya raba buhunan gero gidajen marayu da azumi, kuma bai taɓa tsayawa a majalisa ya faɗi gidan da ya kai wa ba. Wata shekara da ruwa ya cinye hanya, Keke Napep ya kasa shigowa, a cikinsa aka shimfiɗa tabarma aka fitar da wata mai naƙuda zuwa bakin titi. Yarinyar da aka haifa, Zuhra, ga ta nan tana zuwa makaranta, bakinta ya fi na marigayi ƙara.

Muryarsa kuwa, wa zai manta? In ba kaya a cikinsa, ƙiii, ƙiii, ƙiii yake yi, siririya, kamar mai neman gafara. In an loda masa yashi sai ta koma ƙurrr, ƙyas, ƙurrr, ƙyas. Wannan murya ta yi wa unguwa aikin da sankira bai yi ba. Da an ji ta da sassafe an san yau akwai gayya, masu niyya su fito, masu ciwon baya kuma ciwonsu ya tashi nan take. Na san magidanta a unguwar nan da bayansu bai taɓa ciwo ranar kasuwa ba.

Ana cewa hannu da yawa maganin ƙazamar miya. To, ni dai na ga hannu da yawa a jikin marigayi. Hannu da yawa sun tura shi, hannu da yawa sun jingine shi a cikin ruwan sama, kuma a cikinsu duka ba a sami ɗaya da ya ɗiga masa baƙin mai a gatarin taya, wato ƙarfen da take juyawa a kai, ba. Kukan da muke yabo a matsayin murya, ashe ƙishirwa ce. Ya yi fama da tsatsa. Mai faci ya san shi, mai walda ya san shi, har ya daina tambayar abin da ya same shi. Duk da haka ba tsufa ne ajalinsa ba, kuma tun da masu zuwa gaisuwa suna ta cewa kwana ne ya ƙare, bari in faɗi yadda kwanan ya ƙare.

Iya Gaji, ga waɗanda ba su san ta ba, tsohuwa ce da ta girme ni nesa, idonta ya yi rauni, 'ya'yanta duk sun riga ta. Ɗakinta na ƙasa ne. Ruwan indararo ya daɗe yana zuba a gindin bangon gabas yana cin sa, har bara bangon ya tsage, tsagar da kyanwa ke shiga ta fita ba ta sunkuya ba. Tun lokacin aka fitar da gadonta aka kai madafi, nan take kwana tsakanin murhu da tukwane. Kowa ya san bangon nan ba zai ga ƙarshen wata damina ba. Matan unguwa suka yi karo-karo, mai ƙuli-ƙuli da mai ɗanwake, aka sayi siminti. Ƙungiya ta sa rana za a ɗaure gindin bangon, a fitar wa ruwa hanya.

Ranar ta zo, maza suka fito da wuri, abin gwanin sha'awa. Inuwa magini ya kwaɓa siminti da yashi da tsakuwa a cikin marigayi, ya cika shi taf. Saura a fara zubawa. Sai aka tuna cewa a al'adar ƙungiyarmu ba a fara aiki sai uban ƙungiya, Alhaji Bubayero, ya yi bisimilla ya zuba cokalin gini na farko da hannunsa. Alhaji kuwa ya yi sammako zuwa Gaya sayar da bijimi. Aka buga masa waya, ya ce yana hanya.

Ni ina tsakar gidan Iya Gaji tare da mata muna dama fura. Da na ga rana ta ɗaga, na leƙa ta zaure na ce, «Jama'a, abin nan fa ba tuwo ba ne da za a ɗumama.» Sakataren ƙungiya ya russuna ya ce, «Hajiya, a yi haƙuri, yanzu zai iso, ba ma so a ce mun shiga gaban babba.» Aka yayyafa ruwa. Aka yi Azahar, aka sha fura, aka sake bugawa, Alhaji yana hanya. Daga Gaya zuwa nan, ko a kan kunkuru mutum ya hau, ai ya isa ya iso. Aka sake yayyafa ruwa. Da rana ta yi sanyi sai saƙo ya zo cewa cinikin bijimi bai faɗa ba, a ɗaga sai gobe.

Nan ne Malam Maiwada ya gyara murya. Malam Maiwada dattijo ne, tsohon maginin ƙasa, rabin ɗakunan unguwar nan hannunsa ne, kuma ban raina masa ba. Ya ce kada a zubar da dukiyar mata, a rufe kwaɓin da jiƙaƙƙen buhu ya kwana, domin shi tun yana yaro ya sani kwaɓin da ya kwana ya fi danƙo. Gaskiya ya faɗa, in ƙasa da ciyawa ake nufi. Duk wanda ke wurin ya juya ya dubi Inuwa, tun da shi ya san siminti. Amma Inuwa 'yar Malam Maiwada yake aure. Mutumin da ko hanya ɗaya ba ya haɗawa da surukinsa, wanda in ya hango shi sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa a cikin ƙaya, shi ne zai buɗe baki a gaban jama'a ya ce, Baba, ba haka ba ne? Inuwa ya dubi ƙasa, ya sosa ƙeya, ya ce, «Yadda Malam ya ce.» Shi da kansa ya ɗauko buhun ya lulluɓe. Ashe likkafani ne.

An ce abin da babba ya hango a zaune, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Na yarda, ni ma ai babba ce yanzu, maganar tana yi mini daɗi. Amma a ranar nan manya biyu muka samu, ɗaya yana Gaya bai hango komai ba, ɗaya yana zaune ya hango ƙasa alhali siminti ne a gabansa.

Da gari ya waye aka yaye buhu, aka tarar da marigayi da kayansa sun zama abu ɗaya. Aka yi ƙoƙarin ceto. Samari suka kawo guduma, suka yi ta duka, simintin ko gezau, amma gindin marigayi, da tsatsa ta riga ta cinye, ya ɓarke, gatarin taya ya karye. Da aka gwada tura shi ya ce ƙyas, sau ɗaya, bai ƙara ba.

Marigayi ya bar shebur mai karyayyar ƙota, da diga, da kwanon sarki biyu, ɗaya a huje. Ya bar kwamitin ƙungiya cikakke, dukkansu cikin ƙoshin lafiya, tafin hannunsu sumul. Ya bar ni. Ya kuma bar Iya Gaji a madafi, tana tambayar duk wanda ya shigo ko an gama, domin ita ba ta gani, ta dai ji an yi ta buge-buge.

Ina godiya ga waɗanda suka zo gaisuwa. Alhaji Bubayero ya iso daga ƙarshe, ya tsaya a kan gawa, ya ce Allah Ya sa haka shi ne mafi alheri. Ya ba da shawarar a kafa ƙaramin kwamiti da zai nemo sabon baro, sannan a sa sabuwar ranar ƙaddamar da aiki in ya dawo daga Kano. Na ce masa, «Alhaji, ka ɗaga kai ka dubi gabas.» Kwanakin nan kullum da yamma hadari na haɗowa, iska na kawo ƙanshin ƙasa. Kowa a nan ya san abin da ruwan shuka ke yi wa gari: ranar da ya sauka ba za a ga namiji ko ɗaya a unguwa ba, duk suna gona, sai kuma kaka. Ruwan da zai kai su gona shi ne zai kwantar da bangon nan. 'Yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, ma sun zo gaisuwa, suna zagaya marigayi suna ƙwanƙwasawa. Na sallame su. Ba a sayar da gawa a gidana.

Na zauna na yi tunani. A garin nan biki na jiran babba, suna na jiran babba, taro na jiran babba, yanzu ga shi har siminti an koya masa. Abu ɗaya tak na sani da ba ya jiran kowa, ko hakimi ne, shi ne gawa. Kuma mutumin da zai ɓuya a bayan rumbu ranar gayya, ba zai yarda a ce an yi jana'iza a unguwa ba a gan shi ba. Na aika wa liman cewa akwai jana'iza, ya aiko cewa ba a yi wa ƙarfe salla. Na mayar masa cewa ban nemi salla ba, rami nake nema. An ce ya yi dariya har rawaninsa ya kwance, ya ce zai zo da fartanyarsa.

Saboda haka ga yadda za a yi jana'iza.

Za a binne marigayi ranar Asabar mai zuwa da an idar da sallar Asuba, a inda ya cika, wato gindin bangon gabas na ɗakin Iya Gaji, daidai inda indararo ke zuba, shi da dutsen da ke cikinsa. Kabarin zai faro daga kusurwar ɗaki ya bi bango har ya fita kwata. Kada kowa ya ce ya yi tsawo, marigayi mai son miƙe ƙafa ne. Da siminti za a rufe shi. Ragowar da matan unguwa suka saya tana ƙarƙashin gadona, kuma a ƙasa za a kwaɓa, kaɗan-kaɗan, a zuba nan take.

Ba a karɓar kuɗin ta'aziyya, ba a kawo goro. Mai son yi mini gaisuwa ya zo da yashi ko tsakuwa a kwanon sarki, ko a daro, ko a tsohon buhu, a kansa, tun da mai ɗauka ya tafi. Inuwa magini ne zai jagoranci rufewa. Malam Maiwada kuwa, saboda girmansa, an roƙe shi ya zauna a ƙofar gidana, can ɗaya gefen unguwa, ya karɓi gaisuwa a madadina, an tanadar masa tabarma da inuwar darbejiya, kuma ba za a tashe shi ba sai an gama. Fura tana nan, amma ba za a buɗe ƙwarya ba sai an wanke shebur.

Ana gayyatar Alhaji Bubayero da dukkan girmamawa. In ya riski jana'iza, ga cokali. In ya makara, ya yi abin da duk wanda ya makara ke yi, ya tsaya a gefen kabari ya yi addu'a, ya ce wa masu ƙasa a hannu sannunku.

Ba zaman makoki, ba sadakar uku, ba ta bakwai. Za a tashi taro ne da zarar an ɗauko gadon Iya Gaji daga madafi an mayar mata ɗakinta. Allah Ya riƙe mana ruwan nan zuwa Asabar. Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai ji ba, kuma a sani, gawa ce, ba za a jira kowa ba.

Sanarwa daga mai rashi,
Hajiya Hanne Tukur, Toranke.