Rasuwar Kyamarar Gwaggo Lamduan

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, Gwaggo Lamduan ta garin Bang Pa-in, arewa da birnin Bangkok, take sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar kyamararta mai fitar da hoto nan take, wadda ta cika ranar Laraba bayan shekara ashirin da shida tana rataye a wuyanta.

Aikin Gwaggo a wurin ɗaukar wasannin talabijin shi ne tsaron kuskure, kada zoben da ke hannun dama yau ya wayi gari a hagu. Marigayiyar ce idonta. Da ta yi "ƙyas, zirrr" ta miƙo hoto, gardama ta ƙare. A wasansu na ƙarshe, na makanikin da ya faɗa kogi ya ɓullo a zamanin daular Sukhothai, shekaru ɗari bakwai baya, ita ta kama barkono a turmin kuyanga, alhali jiragen Turawa ba su kawo shi ƙasar ba tukuna. Ita ta kama tabon allurar rigakafi a damtsen sarkin yaƙi, da wayar lantarki a bayan giwa. Ba ta taɓa rufa wa kowa asiri ba.

Ciwon ajalinta ya fara ne da damina. Mijin Gwaggo, Kawu Chaloem, shi ke fitowa a mai kwalekwalen fito. Ana tsakiyar aiki zuciyarsa ta tsaya ya rasu, sai marubuta suka kashe mai fiton a kashi na tara. Amma an riga an ɗauki wani wuri na kashi na goma sha huɗu, kuma can bayan jarumai ga Kawu yana tuƙi, yana dariya da wani da ba a gani. Yana nan a hoton da kyamarar ta ɗauka. Gwaggo ta daɗe tana kallonsa, ta soke shi cikin rigarta, ta ce wa mai tace fim ɗin komai daidai.

Ƙasa kakaf ta ga mamaci yana tuƙi. Aka yi ta shewa a wayoyi. Wirot, mai ba da umarni, ya kira ta.

"Gwaggo, ke da kike hango ƙwayar barkono, mutum sukutum ya wuce ki?"

"Bai wuce ni ba, ɗana," ta ce. "Na gan shi."

Ranar aka sallame ta.

Tun daga nan marigayiyar ta kwanta. Sai ta yi "ƙyas" hoto ya fito fari fat. Mai gyara a Bangkok ya buɗe cikinta ya ce bai ga cuta ba. Hotonta na ƙarshe na kujerar Kawu ne a baranda. Gwaggo ta riƙe shi tana jira, launi ya fara tasowa kamar ruwan kogi, sannan ya koma. Kyamarar ba ta ƙara motsi ba.

Ta rasu ta bar igiyar wuya, da kwali goma sha ɗaya na hotuna, da mai ita, wadda har yau ba ta yi nadama ba.

Za a naɗe ta cikin zanen kafaɗar Kawu, a ajiye ta gindin bauren haikalin bakin kogi ranar Asabar, bayan sufayen haikalin sun karya kumallo. Daga nan sai zaman makoki a gidan Gwaggo, inda za a kalli tashar talabijin tana maimaita kashi na goma sha huɗu da ƙarfe biyu. An ce sun yanke wurin da Kawu ya fito. Ana roƙon masu gaisuwa su yi shiru a minti na ashirin da biyu, lokacin wucewar kwalekwalensa, ko da kogi kawai aka nuna.