Rumbun Baitoci a Bakin Kabari

Duk wanda ya zauna a gindin dutsen Zomba ya san Allah ya yi wa yankin baiwa biyu: ruwan sama da Bambo Kachingwe, tsohon hedimasta. Na farkon yakan ɗauke wani lokaci.

Baiti dubu huɗu na tsoffin mawaƙan Ingila ke cikin kansa, duk a kan mutuwa da imani da furannin da ba su taɓa tsirowa a ƙasarmu ba. Shi ya sa ɗalibai suka raɗa masa Rumbu. Ya karɓi sunan a matsayin yabo, bai kuma taɓa tambaya ko akwai wanda ya ci abin da ke ciki ba.

"Mantuwa ce mutuwar gaskiya," yakan ce, yana ɗaga sanda. "Al'ummar da ba ta tunawa, garke ce."

Sai mai kaɗa ƙararrawar makaranta ya rasu, bayan shekara talatin da ɗaya yana aiki a ƙarƙashinsa. A garin ba a sauke akwatin gawa cikin kabari sai wani babba ya kira sunan mamaci da na zuriyarsa, domin kakanni su san wanda ke tafe. Matar mamacin, Mayi Nachisale, abu guda ta roƙa: ta ji sunan mijinta daga bakin mutumin da ya yi wa hidima. Rumbu ya amsa, yana mai ganin cewa matar, duk da rashin karatunta, ta san daraja.

Ya zo da baƙar kwat, ya hau tudun jar ƙasar da aka haƙo. Ya rera baiti arba'in da Turanci a kan dusar ƙanƙara da ta lulluɓe kabarin wani makiyayi, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya fassara wa talakawa, ya kuma gyara fassarar. Da ya ga mata na kuka, sai ya tabbata cewa waƙa ta ratsa su, ya ƙara ashirin.

Hadari ya haɗo. Chimwaza, shugaban masu haƙa kabari, ya jingina da shebur.

"Bambo, ruwa zai cika mana ramin. Sunan kawai muke jira."

Rumbu ya buɗe baki. Ya laluba cikin kansa, ya tarar da mawaƙa goma sha biyu, kowanne da shekarar mutuwarsa. Ya tarar da kogunan Ingila har da rassansu. Mutumin da ke cikin akwati kuwa, tun ranar farko "Kai" yake kiransa, in ransa ya yi daɗi ya ce "Ƙararrawa".

"Wannan bawan Allah... aminina na ƙut-da-ƙut..."

"Wanne daga cikin aminan naka, Bambo?" in ji wani daga baya.

Dariya ba ta halatta a maƙabarta, saboda haka jama'a suka yi ta tari. Mayi Nachisale ta miƙe, ta gyara zaninta.

"Lufeyo ne, Bambo. Lufeyo Mbewe. Shi ke riƙe maka laima tun kana da gashi a ka."

Da muryarta aka sauke akwatin, ɗigon farko na sauka.

Adalci ya wajabta a faɗa cewa babban mutum ba ya rasa hujja. A hanyar komawa Rumbu ya bayyana wa masu haƙa cewa da gangan ya yi.

"A wurin manyan mawaƙa, kabarin da ba suna shi ne mafi daraja. Shi suna ai ƙura ne. Ku ba za ku gane ba."

Chimwaza ya saɓa shebur a kafaɗa.

"Mun gane sarai, Bambo, kuma ga shaidu sun ji wasiyya. Ranar taka ba za mu wahalar da mai rubuta allon kabari ba."