Makullin Keken Kaka

"Lafiya lau na kwana, amarya. Ke ce dai da alama ba ki runtsa ba, ga ido kamar na mai gadi."

"Ina zan yi barci, ina tunanin yadda zan kwashe ka daga ƙasa in ka faɗo? Ɗaga riga, tsoho."

A ɗakin baya suke, inda 'yata take kafe kekenta na atisaye a kan ƙarfe, taya na juyawa amma ba ya zuwa ko'ina. Tsohon nan mahaifina ne, wadda yake tsokana da amarya kuma 'yar tawa ce. Tun da ya yi ciwon zuciya na sa wa kekensa sarƙa da kwaɗo, na ba jikarsa makullin, don ita kaɗai ce ba ya iya yi wa tsawa. Likita ya ce zai iya komawa hawa idan zuciyar tana ɗaukar aikin ƙafa ba tare da ta birkice ba. Yau za a gwada. Ina tsaye a bakin ƙofa ina fatan ya faɗi gwajin, Allah ya yafe mini.

Ta ɗaura masa bel ɗin auna bugun zuciya.

"Wannan ƙirji ne ko kwandon kaji?"

"Ƙirjin nan ya hau tudun da ke ko a mota sai kin yi amai."

Ta nuna masa 'yar na'urar da ke maƙale a hannun keken. "Lamba biyu ce. Ta sama ƙarfin da ƙafarka ke zubawa a feda, ta ƙasa bugun zuciyarka. In ta sama na tsaye wuri ɗaya, ta ƙasa kuma ta yi ta hawa, to ka gaji ke nan. Sai ka koma kujera ka ci gaba da faɗa da rediyo."

"A zamaninmu gumi ne lamba."

"Shi ya sa har yanzu ake jin warin zamaninku. Taka mu gani."

Ya fara takawa, yana wani ɗaga kai. Can ya ce, "Kin gani? Zuciya kwance kamar ta jariri."

"Ba dole ta kwanta ba? Ka daina aiki. Dubi ta sama, ko kaza ta taka fedar nan sai ta fi ka. Ni za ka yi wa wayo?"

"Na'urarki ce mai gulma, irin mai ita."

Ya taka da gaske. Kukan taya ya cika ɗakin. Lambobin suka zauna wuri ɗaya, ba hawa ba sauka.

"To wai in an sake ka, ina za ka? Zance?"

"Hanyar bayan makaranta, wadda ta gangara bakin ruwa. Can nake kai kakarki da yamma. Ta zauna a kariya, ta riƙe rigata, tana zagina wai na cika gudu. In na rage kuma ta ce na tsufa."

"Kaka, tsaya. Ta ƙasa ta tashi."

"Na ƙara ƙarfi ne?"

"A'a, ta sama tana nan yadda take."

"To ba gajiya ba ce. Bar ta, za ta sauko. Kullum in na tuna kakarki haka zuciyar take yi mini, kujera ce dai ba ta da lamba."

Bai daina takawa ba. Muka zuba wa na'urar ido, a hankali lambar ta koma inda take. Ni ma na tuna marigayiya mahaifiyata. 'Yata ta dube ni, na kawar da kai, ta san na yarda.

"Ka ci gwaji, tsoho. Amma da bel za ka fita, ni kuma ina binka a baya da nawa keken."

"Bar naki a gida, ki hau kariya. Keken nan rawa yake yi in ba kowa a baya."

"Nauyina ai sai ya kashe ka."

"Kakarki ta yi biyunki, ban mutu ba. Sai da ta sauka na fara ciwo."

Ta yi dariya tana share ido da bayan hannu, ta ciro makullin daga aljihu ta danƙa masa.