Abin da Na Naɗe a Kunzugu

Ba zan taɓa mantawa da jajibirin sunan ɗanmu na fari ba, ko da kuwa zan manta lambar wayata.

Surukata, Hajiya, ta zo daga Zariya da niyya ɗaya: a gama suna ta tafi da matata Rabi wankan jego, kwana arba'in cur. Ni kuwa na kafe ba inda za ta. Na ce wa Rabi, yadda Hajiya za ta jiyo, ai ni uban zamani ne, babu abin da ya shafi jariri da ban kalla a waya ba. (Ban taɓa ɗaukar jariri ba kafin wannan makon, amma bakina bai san haka ba.) Hajiya ba ta yi mini magana kai tsaye, sai ta bakin 'yarta. Cewa kawai ta yi, "Ki ce masa za mu gani."

Da hantsi yaro ya ɓata jikinsa, Rabi tana wanka. Na ce ga ranata ta zo. Na kwantar da shi, na buɗe kunzugu, sai da na ja da baya na yi salati. Yaron da nono kawai yake sha! Na daure na goge. A bakin kunzugun na ga wani ɗan abu baƙi, busasshe kamar guntun kilishi. Na ce a raina wannan na jiya ne ya bushe. Na naɗe komai, na ƙulle a leda, na kai har durom ɗin shara na bakin ƙofar gidanmu a unguwar Durumi. Na dawo ina tafiyar wanda ya ci jarrabawa.

Hajiya ta karɓi jikanta za ta gasa masa cibiya. Ta ɗaga masa riga, ta duba cikinsa.

"Rabi, tambaye shi ina cibiyar yaron nan."

Na miƙe zumbur. Ni a zatona na ɓalle wa yaro wani abu. Na ce, "Innalillahi! A kira likita?"

A ranar Hajiya ta fara kallona ido cikin ido. "Faɗuwa ta yi, kamar ta kowane ɗa. A gidanmu ba a yar da ita, a tsakar gidan kakansa ake binnewa. Tana ina?"

Gida takwas ke zuba shara a durom ɗin nan, kuma maƙwabciyarmu 'yan biyu gare ta. Duk ledojin baƙaƙe ne, iri ɗaya. Haka na naɗe hannun farar shaddata, na zura kai, ina kwance ƙulli ɗaya bayan ɗaya. Abin da na gani a ciki ba zan faɗa ba, wataƙila kuna cin abinci.

Ina kan leda ta shida na ji mota ta tsaya a bayana. Ogana ne na ma'aikatarmu ya zo barka, shi da matarsa, riƙe da kwalin kyauta.

"Ah ah, Malam! Wane fayil ne ya ɓata har ka zo nema a nan?"

Na miƙa masa hannu mu gaisa. Ya dubi hannun, ya ce ya amsa daga nesa. Wallahi ji na yi kamar in ƙarasa shigewa durom ɗin in rufe.

A leda ta tara na same ta. Na kai wa Hajiya da hannu biyu. Ta ƙulle a bakin mayafinta, ta juya wajen 'yarta.

"Ki ce masa jibi da safe za mu tafi."

Ni da kaina na kai su tashar mota ta Jabi, har da ɗaukar jaka. Kwana arba'in ina cin taliya ni kaɗai sun koya mini abu ɗaya: duk abin da na tsinta a jikin yaro, ko zare ne, sai na tambayi manya kafin in ƙulle leda.